Gizo-gizon da ba ya cin komai sai gara iri ɗaya

Malamin_Bayoloji:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan wani ƙaramin jinsin gizo-gizo na kudancin Afirka wanda masana ke kira Ammoxenus. Nau'i shida kacal aka sani a cikinsa, kuma duk a Afirka ta Kudu, Namibiya, Botswana da Zambiya aka same su. Wani masani Bafaranshe, Eugène Simon, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1893. Ba ya saƙa yana don kamun abinci, ba ya hawa bango. A ƙasa yake rayuwa, cikin yashi mai laushi. Jikinsa ba ya wuce santimita ɗaya, amma akwai shi da gudu, kuma da ya ji motsin da bai yarda da shi ba sai ya yi nutso cikin yashi ya ɓace. Muƙamuƙinsa na da ƙayoyi masu ƙarfi, da su yake tona ƙasa.

Abin da ya ja hankalina shi ne cimarsa. Ɗaya daga cikin shidan, Ammoxenus amphalodes, wanda masanan Afirka ta Kudu Dippenaar da Meyer suka bayyana a 1980, gara kaɗai yake ci, garar ma nau'i ɗaya tak, mai suna Hodotermes mossambicus. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Masaryk ta Jamhuriyar Cek, tare da abokan aikinsu na Afirka ta Kudu, suka binciki DNA, wato sinadarin gado da ake gane kowace halitta da shi, na abin da ke cikin cikinsa. Jerin DNA kusan miliyan 1.4 suka karanta, duk na wannan gara ɗaya ne. Suka kai shi ɗakin gwaji suka ba shi wasu ƙwari, har da wasu nau'o'in gara, ya ƙi taɓawa.

Tambayata biyu ce. Halittar da ta rataya rayuwarta duka a kan abinci ɗaya, ƙarfi ne gare ta ko rauni? Sannan me ya sa irin wannan labari daga kudancin Afirka yake fitowa, ba daga Kano ko Maraɗi ba?

BabaManomi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni kam tambayarka ta farko ban kai gare ta ba, a kan kalmar gara na tsaya. Bara gara ta ci mini gyaɗa ba kaɗan ba. Shuka tana tsaye kore shar, sai ka ga ta yi yaushi, ka tumɓuke ka tarar an rarake saiwar an cika ta da ƙasa. In akwai gizon da sana'arsa cin gara, me ya hana a kawo mana shi? Kuɗin maganin feshi ya ishe mu.

Ɗaliba_Samaru:
Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma ko an cika maka jirgi da shi ba zai taɓa garar gonarka ba. Abin da ka kwatanta, wato shiga ta saiwa a rarake gyaɗa daga ciki, aikin Microtermes ne. Akwai kuma Odontotermes da ke kankare bayan kwanson gyaɗa. Waɗannan biyun a ƙarƙashin ƙasa suke aikinsu, in sun fito sama ma sai sun lulluɓe hanyarsu da laka. Ita kuwa garar da gizon Malam ke ci a fili take yawo, tana yanka ciyawa tana ja zuwa rami. Shi ya sa yake samunta. Kuma gabashi da kudancin Afirka ne mazauninta, ba ƙasarmu ba. In ka sake shi a gonarka yunwa ce za ta kashe shi, ga gara cike da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

BabaManomi:
To 'yata, na ji. Ashe gara ma dangi-dangi ce haka.

Bakano_a_Pretoria:
Ni zan ba da shaida kan ita garar, don ina ganinta a nan. Farkon ganinka da ita ba za ka ce gara ba ce. Ta fi tamu girma, jikinta da duhu, kuma tana da idanu masu gani, saɓanin farar garar da muka sani a gida. A lokacin sanyi, sa'ad da ciyawa ta bushe, da rana tsaka za ka gan su sun bazu a fili, kowace ɗauke da guntun ciyawa. Ba sa gina suri mai tsayi. Gidansu na can ƙasa, abin da za ka gani a sama 'yan tulin ƙasa ne masu laushi da suke turowa waje in suna haƙa. To a cikin waɗannan tulin gizon yake kwanciya. Masu kiwon shanu da tumaki na nan ba sa ƙaunar garar ko kaɗan, musamman a shekarar fari, domin tana iya aske filin kiwo ta bar ƙasa tsirara.

Malamin_Bayoloji:
Madalla da wannan shaida, ɗan'uwa. Dubi yadda abin ya haɗu: ƙasar da garar ta turo waje ita ce ɗakin kwanan mai cin ta. A cikin tulin yake saƙa 'yar jaka ta siliki ya shige. In gara ta fito aiki sai ya fito da gudu, ya cije ta a gefen ƙirji, bayan kai, inda muƙamuƙinta ba zai kai gare shi ba. Cikin minti ɗaya ta sandare. Binciken 2015 ya nuna cewa girman garar bai sauya komai ba, ko ta fi shi girma dafin yana kama ta da sauri iri ɗaya. Daga nan sai ya ja ta cikin yashi ya tsotse ta a ɓoye, inda tsuntsu ko tururuwa ba za su ƙwace masa ba.

Injiniya_KD:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma bari in faɗi abin da ke raina. Ƙasar da yara ke karatu a ƙasa ba benci, asibiti ba magani, ita za a ce ta kashe kuɗi a kan abin da gizo ya ci da dare? Baba ya yi tambaya mai amfani, an ce masa gizon ba zai yi masa aiki ba. To shi ke nan, magana ta ƙare. Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa suke leƙa cikin gizo-gizo.

Almajirin_Ilimi:
Injiniya, a yi hattara da raina ƙaramar halitta. Sura ta 29 a Alƙur'ani mai girma sunan gizo-gizo take ɗauke da shi, kuma an umarce mu da yin tunani a kan abin da Allah ya halitta. Wanda ya tsara wa ɗan wannan abu dafin da ya dace da gara ɗaya, da muƙamuƙin tona yashi, bai yi shi don wasa ba. Ko da bai ƙara wa kowa buhun gyaɗa ba, saninsa ba asara ba ne.

Injiniya_KD:
Ban raina halittar Allah ba, Malam. Maganar kasafi nake yi. Tunani kyauta ne, na'urar karanta DNA kuwa da dala ake sayenta.

Ɗaliba_Samaru:
Yaya Injiniya, tunda kasafi kake so, ga misali daga gida. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, ya kusa gama da rogon nahiyar nan. Feshi bai yi maganinsa ba. Abin da ya cece mu ɗan mitsitsin zanzaro ne mai suna Anagyrus lopezi, wanda aka samo a yankin Paraguay. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara sakinsa a 1981, Hans Herren ne ya jagoranci aikin, har aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Me ya sa aka yarda a sake shi? Saboda an tabbatar wannan ƙwaron rogo kaɗai yake sa wa ƙwai. Wa ya tabbatar? Mutanen da suka ɓata shekaru suna leƙa abin da ƙananan ƙwari ke ci, irin aikin da kake cewa na ƙosassu ne. Garin kwakin da talaka ke jiƙawa yau yana da bashin waɗannan mutane a kansa.

BabaManomi:
To 'yata, ai kin dawo kan maganata. In an kawo zanzaro ya yi aiki, me ya hana gizo?

Ɗaliba_Samaru:
Bambancin a nan yake, Baba. Ƙwaron rogo baƙo ne, ya zo ya bar maƙiyinsa a gida, sai aka je aka ɗauko masa maƙiyin. Garar gonarka 'yar gida ce, maƙiyanta ma suna nan tare da ita tun fil azal. Ba baƙo za a nemo mata ba, na gidan za a gano a daina kashe su da feshi. Kuma kawo baƙuwar halitta ba wasa ba ne. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo Ostareliya don ya ci ƙwarin rake. Bai damu da ƙwarin ba, ya bazu cikin ƙasa, dabbobin da ke cin sa suna mutuwa da gubarsa, har gobe ba su rabu da shi ba.

Ɗan_Tawa:
Ina wuninku 'yan'uwa. Ni daga Nijar nake bin zancen, kuma ina so in kare gara kaɗan, don na ga kowa ya ɗaura mata laifi. A nan jihar Tawa, wajen Illela, ƙasar da ta mutu ta zama fako, da dabarar da muke kira tassa muke raya ta. Ka haƙa ramu da rani, ka zuba taki a ciki. Wa ke zuwa cin takin? Gara. Tana zuwa tana huda ƙasa, ruwan farko na sauka sai ya bi hudojin ya shige maimakon ya gudu. Mutanen Burkina suna yin irinsa, su "zaï" suke ce masa, marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna a kansa. In ka ce za ka kawar da gara gaba ɗaya, ka kashe ma'aikacin da ba ka biya. Saboda haka ni abin da ya burge ni a gizon Malam shi ne bai gama da garar ba. Shekara aru-aru yana cinta, tana nan, yana nan.

Malamin_Bayoloji:
Ɗan Tawa, ka taɓo tambayata ta farko. Ba zai iya gama da ita ba ko ya so, gida ɗaya na garar dubbai ne, shi kuwa ɗai-ɗai yake ɗauka. Ba shi kaɗai ke cin ta ba ma, akwai wata yanyawa mai manyan kunnuwa a can wadda wannan gara ce yawancin abincinta. Amma ita yanyawar in gara ta yi wuya tana komawa kan buzuzu da fara da 'ya'yan itace. Gizon ba shi da wannan mafita. Har yawansa a shekara yana bin lokacin fitar garar ne, in ta yawaita ya yawaita.

Injiniya_KD:
To ai wannan rauni ne tsantsa, ba sai an yi muhawara ba. Kamar mai shago ne da ke da mai saye ɗaya, ranar da mutumin ya tashi daga unguwa shago ya rufe. A aikinmu duk abin da ya dogara da ƙafa ɗaya ba ma sa masa hannu.

Malamin_Bayoloji:
Ban yarda gaba ɗaya ba, Injiniya. Ka duba abin da ya samu a madadin. Gizon da ke cin komai dole dafinsa ya zama na gama-gari, ya yi aiki kaɗan-kaɗan a kan kowa. Wannan nasa an wasa shi ne a kan abu ɗaya, shi ya sa yake kayar da abin da ya fi shi girma cikin minti guda. Ya san inda zai ciza. Ya san inda zai kwana. Ba ya yawon neman abinci, abincin ne ke fitowa a ƙofar ɗakinsa. Sannan garar da ya zaɓa ba mai ƙarewa ba ce, ta bazu daga Afirka ta Kudu har Habasha, kuma fari ba ya kashe ta da wuri tunda busasshiyar ciyawa take so. Wanda ya jingina da ita ya jingina da abu mai ƙarfi.

Inda maganarka ta yi gaskiya shi ne in mutum ya shigo. Mai gona ya zuba guba don ya kare filin kiwo, ko a nome wurin a kafa gari. Ranar nan garar ta tafi, gizon ya bi ta, ba kuma wanda zai lura don ba wanda ya san yana wurin. Raunin ba daga tsarinsa yake ba, daga saurin da muke sauya ƙasa ne.

Injiniya_KD:
Ko daga ina raunin ya zo, rauni ne. In kiɗa ya canja rawa ma dole ta canja, shi kuwa rawa ɗaya ya iya. Wannan ban janye ba.

Hajiya_Nas:
Ku yi haƙuri in katse ku. Na taɓa ganin bidiyon wani gizo yana binne kansa da yashi, aka ce dafinsa na ruɓar da nama. Shi ne wannan? Don in shi ne, Baba ya ma daina tunanin kawo shi kusa da yara.

Malamin_Bayoloji:
Ba shi ba ne, Hajiya. Wanda kika gani mai ido shida ne, jikinsa a baje, ana samunsa a hamadar Namib da kewayenta, masana na kiransa Hexophthalma. Shi yakan binne kansa ya kwanta shiru yana jiran abin da zai bi ta kansa, kuma dafinsa mai haɗari ne. Ammoxenus ido takwas gare shi, farauta yake da gudu, danginsu ma ba ɗaya ba ne. Ba ya cikin gizo-gizon da likitocin Afirka ta Kudu ke gargaɗi a kansu.

Hajiya_Nas:
Alhamdu lillahi. Tunda an zo nan bari in ƙara wani abu, don kullum ina gani a wurin aiki. Uwa za ta kawo yaro da ƙuraje masu ruwa a jere, ta ce fitsarin tautau ne. Sau da yawa ba ruwan gizo a ciki. Wani lokaci ƙwayar cutar da ke kawo ƙarambau ce ta farfaɗo ta bi jijiya, wani lokaci kuma ɗan siririn ƙwaron nan ne mai ja da baƙi da ke zuwa wurin fitila, in an murje shi a fata ruwansa ya ƙona wurin. Don Allah a riƙa kawo su asibiti da wuri, musamman in abin ya kusanci ido, a bar shafa toka da man birki.

Bakano_a_Pretoria:
Malam, tambayarka ta biyu ba a taɓa ta ba, kuma ni ita ta fi ci mini rai. Amsar a fili take ga wanda ke zaune a nan. Mutanen nan sun nema ne. A Pretoria akwai ma'ajiyar gizo-gizo da kunamu ta ƙasa, ƙarƙashin hukumar binciken noma. A 1997 suka ƙaddamar da shirin ƙidayar gizo-gizon ƙasar baki ɗaya, SANSA, wanda Farfesa Ansie Dippenaar-Schoeman ta ja ragamarsa, ita ce dai Dippenaar ɗin da ka ambata a sama. Yanzu sun rubuta nau'i sama da 2,000 a ƙasarsu. Manoma da 'yan makaranta da masu yawon daji duk suna aika hoto da samfuri. Ka ga kuwa dole labari ya fito daga nan.

Malamin_Bayoloji:
Wannan shi ne abin da ke damuna, shi ya sa ma na buɗe zancen. In aka ce jinsi "ƙarami" ne, nau'i shida ko bakwai, abin da ake nufi shi ne waɗanda aka kama aka bayyana. Dubi ɗan'uwan Ammoxenus na kusa, Rastellus, shi ma mazaunin yashi ne a kudancin Afirka. Sai a 1990 Norman Platnick da Eryn Griffin suka bayyana shi, kusan shekara 100 bayan Simon. Yana nan duk tsawon lokacin, ba wanda ya tankaɗe yashin da yake ciki ne. Kundin gizo-gizon duniya da ake ajiyewa a Bern ta Siwizalan ya haura nau'i 50,000 a 2022, kuma masu kula da shi na ganin kusan rabi ne aka gano. Ina sauran rabin yake? Ba a Jamus ko Ingila ba, can an kusa juye kowane dutse.

Ko matsayin Ammoxenus kansa bai daɗe da sauyawa ba. An daɗe ana ware shi a danginsa na daban, Ammoxenidae. A 2022, bayan an gwada DNA, aka mayar da shi cikin babban dangin gizo-gizon ƙasa, Gnaphosidae, mai nau'i sama da 2,000 a duniya. Wannan dangi kuwa muna da shi a nan. Duk wanda ya ɗaga dutse ko tsohon bulo a bayan gida ya ga wani baƙin gizo mai sheƙi ya fita a guje, mai yiwuwa ɗan dangin ne, irin su Zelotes da ke ko'ina a Afirka. Da rana suna kwance cikin jakar siliki, da dare su fito farauta. Alamarsu ita ce gaɓoɓin fitar da zare guda biyu a ƙarshen ciki, masu siffar bututu, a ware da juna. Wasunsu da zare mai danƙo suke ɗaure ƙafafun abin da suka kama kafin su cije shi, har da gizon da ya fi su girma.

Ba ina cewa Ammoxenus na ɓoye a Gumel ko Damagaram ba ne. Garar da yake ci ba ta nan, don haka ba dalilin tsammaninsa. Abin da nake cewa shi ne muna da yashi, muna da gara mai yankan ciyawa tamu, muna da dangin gizon. Abin da muka rasa masu durƙusawa su duba.

Ɗaliba_Samaru:
Malam, garar tamu mai yankan ciyawa ita ce Trinervitermes, mai gina 'yan ƙananan jiɓa masu tauri a fili. A nan yankin Zariya wani Baturen Ingila, W. A. Sands, ya yi aiki a kanta tun farkon shekarun 1960. Sojojinta ba cizo suke yi ba, kansu tsini gare shi, ta nan suke feso wani ruwa mai danƙo da wari. Duk gizon da zai rayu a kanta sai ya san yadda zai kauce wa wannan feshi. Ni da za a ba ni zaɓin aikin kammala karatu, bakin jiɓar nan zan je in zauna.

Kuma Baba, ga wani abin da zai faranta maka. Muna da namu gwanin cin gara, ba gizo ba ne dai. Babbar baƙar tururuwar nan ce mai fita a jere ta kai wa gara farmaki ta dawo kowace da ganima a baki, wadda da yawanmu ke haɗa ta da gwano. Sunanta Megaponera analis, gara kaɗai take ci, kuma irin dangin garar da ke damunka. An yi nazarinta a Mokwa ta jihar Neja a shekarun 1970. A 2017 kuma masu bincike a gandun dajin Comoé na Kodebuwa suka nuna cewa in an raunata ɗaya a wurin faɗa, 'yan'uwanta na ɗauko ta su kai gida, daga baya aka ga har jinyar raunin suke yi. In ka gan su a gonarka kar ka bari yara su watsa musu wuta.

BabaManomi:
Ikon Allah! Waɗannan ai na san su tun ina yaro, har ƙara suke yi in ka taka kusa da layinsu. Mu da muke korarsu don cizo. Daga yau sun samu lafiya a gonata.

Injiniya_KD:
Wannan na karɓa, don ga amfaninsa a hannu. Amma ku lura, duk sunayen da kuka jero na waje ne: Simon, Sands, Platnick, Herren. Samfurin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ma yawancinsa yana Paris da Landan da Tervuren ta Beljiyam. Ɗalibarmu in ta kama gizo a Samaru, da me za ta gwada shi? Sai ta nemi biza kafin ta san sunan abin da ke bayan ɗakinta. Ku gyara wannan tukuna.

Malamin_Bayoloji:
Gaskiya ka faɗa, kuma tana da ɗaci. Amma gyaran ba zai faɗo daga sama ba. Ma'ajiyar Pretoria ma da kwalba ɗaya ta fara. Kuma yanzu abin ya yi sauƙi fiye da da: kundin Bern yana intanet, wanda ya yi rajista yana samun takardun bayanin nau'o'in kyauta, da zanen da ake gwadawa da shi. Matakin farko ba ya buƙatar dala. Kofin roba ne, a haƙa rami a binne shi bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwa kaɗan da gishiri da ɗigon sabulun ruwa, a ɗora wani abu a sama a kan 'yan duwatsu don ruwan sama da rana. Duk mai yawo a ƙasa da dare zai faɗa. Da irin wannan tarko ake kama yawancin gizo-gizon ƙasa a duniya, har da shi Ammoxenus. A jera wasu kusa da jiɓa, wasu nesa da ita, sai a ga ko akwai wanda ba ya rabuwa da gara.

Ɗan_Tawa:
Malam, ku haɗa da mutanen ƙauye in za ku yi. Da ɗan gari akan ci gari. Tsohon da ya shekara yana haƙar tassa ya san wace gara ke fita da wane wata, ya san wadda ke zuwa taki da wadda ke cin zana. Mata masu tara gara don kaji da zabi ma sun san kowace jiɓa a dajinsu. Ɗalibi zai yi wata yana neman abin da za su nuna masa da yatsa.

Hajiya_Nas:
Kuma a sa takalmi rufaffe, a juya dutse da sanda ba da hannu ba. Inda gizo ke kwana nan kunama ke kwana, wani lokaci har da kububuwa.

Ɗaliba_Samaru:
Na rubuta duka. Malam, hoto a waya ya isa a gane nau'i? Ina da manhajar iNaturalist ta gane halittu, ina sa hotunan ƙwari a kai.

Malamin_Bayoloji:
Hoto zai kai ki ga dangi, wani lokaci ga jinsi, amma da wuya ya kai ki ga nau'i a wannan dangin, don yawancinsu baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, kamarsu ɗaya a ido. Ana rarrabe su ne da gaɓoɓin haihuwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma: na namiji a kan 'yan hannuwan nan biyu da ke gefen baki, na mace a ƙasan ciki. Saboda haka balagaggu ake buƙata, ƙanana ba sa nuna komai. Ki ɗauki hoton tun yana da rai in ya samu, sannan ki adana shi.

BabaManomi:
'Yata, akwai gefen gonata da na bari ya huta bana, jiɓa ta fi goma a ciki. In an sauke amfani ki zo da abokan karatunki ku kafa kofunanku, zan hana yara da awaki zuwa wurin. Sharaɗina ɗaya, duk abin da kuka samu ku faɗa mini da Hausa.

Ɗaliba_Samaru:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan yi wa malaminmu magana a wannan makon. Malam, a me zan zuba su bayan na kwashe daga kofin?

Malamin_Bayoloji:
A sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, kwalba mai murfi gam. Kar ki bar su su wuce kwana biyu ko uku a ruwan gishiri da zafin nan namu, za su lalace. Kowane tarko da kwalbarsa, kar ki gauraya. Ki yanki 'yar takarda ki rubuta wuri, kwanan wata, nisan tarkon daga jiɓa da sunan wanda ya kama, ki jefa ta cikin kwalbar tare da gizon, ba a manna a waje ba. Da fensir za ki rubuta, sifirit na wanke tawadar biro.